FILIN MANOMA: Albasa Ba Shinkafa Ba Ce

 

Cikin wasiƙun da suka iso mana a 'yan makonnin nan akwai wata da wani manomi ya aiko daga fadamar Rima, can ƙasar Sakkwato, wadda sai da na karanta ta sau uku kafin in ajiye. Bai yi dogon turanci ba. Ya ce shekara goma sha wani abu ke nan yana noman albasa a lambun da ya gada, da 'yar rijiyar burtsatse guda irin ta fadama da ƙaramin injin ban-ruwa. A da, in ji shi, rijiyar ta kan kai shi har ya cire albasa ba ta gaza ba. Yanzu kuwa tun watan Fabrairu inji ke fara zuƙar iska, sai ya kashe ya zauna jiran ruwa ya taru, ga kuma kuɗin mai ya cinye riba tun ba a kai kaya kasuwa ba. Tambayarsa ita ce, ya ci bashi ya haƙa rijiya mai zurfi, ko kuwa ya haƙura da albasa ya nufo Ikko neman aikin ƙarfi kamar yadda ƙannensa biyu suka yi?

To, Malam, kafin ka dangwala yatsa a takardar bashi, ina so mu zauna mu yi lissafin ruwan da ka ke ja yanzu, mu ga nawa ne daga cikinsa albasarka ke sha, nawa ne kuma ke tafiya inda ba ka aike shi ba.

Ni dai na tashi na tarar da kakana yana ban-ruwa da jigo. Tun asuba ya ke hawa bakin rijiya, ya sunkuyar da sanda, ya ɗago guga, ya juye a magudana, mu kuwa yara muna can cikin lambu muna buɗe bakin fangali muna toshewa. Ya san adadin gugan da kowane fangali ke sha, in kuwa ka yi sakaci ka bar ruwa ya tsallake ya bi hanya, to, ran nan kunnenka zai gaya maka. Ba rowa ce ta sa shi haka ba. Kowane guga da gumin bayansa ya ɗago shi, sabo da haka ba ya ba shuka abin da ya wuce bukatarta.

Bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970 da wanda ya biyo a 1983 da 1984, sai hukumomin raya aikin gona na jihohin Kano da Sakkwato da Bauci suka shiga yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan fetur a fadamu. Daga 1993 kuma shirin Fadama na Gwamnatin Tarayya, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya ƙara bazu da su ko'ina. Ba wanda zai yi musun alherin da wannan ya kawo. Mutumin da jigo ya tsare shi a ɗan lambun da bai kai rabin eka ba ya sami ikon noma eka biyu ko uku, garuruwa irin su Aliero a Jihar Kebbi suka yi suna da albasa har ƙasashen waje. Amma inji ya zo ya tafi da wani abu guda wanda ba mu lura ba, watau awo. Tun da ba bayanka ke ciwo ba, ga mai kuma da araha, sai ban-ruwa ya koma a tayar da inji a cika fangali fal har ya yi ƙyalli, a je a sha inuwa. Muka riƙa shayar da albasa kamar muna shayar da shinkafa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Daga ran nan ruwan lambu ya koma yadda ya ke a zamanin kakana, kowane guga da farashinsa, sai dai yanzu aljihu ke biya maimakon baya.

Bari mu dubi ita kanta albasar. In ka tuge ɗaya ka duba gindinta za ka ga saiwoyi farare sirara kamar gemun akuya, marasa rassa sosai. Galibinsu ba su wuce ƙafa ɗaya cikin ƙasa ba, watau santimita 30. Ba ta da doguwar saiwa irin ta auduga ko kuɓewa da za ta bi laima zuwa ƙasa. Wannan ya jawo abu biyu waɗanda a ido su ke kamar suna karo da juna. Na farko, ba ta jure ƙishi, domin da zarar saman ƙasa ya bushe ba ta da wani wurin da za ta nema. Na biyu, ba ta amfana da ruwa mai yawa a lokaci guda, domin duk abin da ya nutse ya wuce ƙafa ɗayan nan ya fita daga hannunta.

Ƙasa kuwa kamar tsumma ta ke, akwai iyakar abin da za ta riƙe. Ƙafa ɗaya ta ƙasa mai rairayi ba ta riƙe wa shuka ruwan da ya wuce zurfin santimita 2 zuwa 3, mai laka-laka ta kan riƙe kusan ninkin haka. Masana kuma sun ce kada a bar albasa ta shanye fiye da rubu'in wannan ajiya kafin a sake ba ta. Ashe ke nan abin da a ke bukatar mayarwa a kowane ban-ruwa ɗan kaɗan ne. To, ka tuna yadda mu ke cika fangali har ruwa ya kai yatsu huɗu. Ina sauran ya ke zuwa? Ya zarce ƙasa, ya tafi da takin zamanin da ka saya da tsada, musamman yuriya wadda ba ta da wuyar bin ruwa. Gaskiya ne wani kashi na wannan ruwa ya kan koma cikin ajiyar ƙarƙashin ƙasa, wata rana a sake jawo shi. Amma man da ka ƙona ka ɗago shi ba ya dawowa, takin ma haka.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa albasa na bukatar ruwa milimita 350 zuwa 550 daga dashe zuwa cira, gwargwadon yanayin wuri. Na san manomi ba ya awo da milimita, sabo da haka bari mu mayar da shi duro. Milimita ɗaya a kan hekta guda, watau kimanin eka biyu da rabi, lita 10,000 ce, duro 50 ke nan irin mai cin lita 200. Milimita 550 ta zama duro 27,500. A ƙasa mai zafi da iska irin tamu sai mu ɗauki babban adadin. Wannan shi ne abin da shuka ke bukata a gindinta. In rabin abin da inji ya ɗago yana salwanta a hanya da ƙarƙashin saiwa, kamar yadda ya kan faru a ban-ruwan malala da ba a kula da shi ba, to, sai ka ja duro 55,000 kafin albasa ta sami nata. Malam mai wasiƙa, ina kyautata zaton a tsakanin waɗannan lambobi biyu ne rijiyarka ke ƙafewa.

Wurin da ruwa ya ke fara ɓacewa shi ne magudana. Daga bakin inji zuwa fangali na ƙarshe, in hanyar ƙasa ce mai rairayi, tana sha tun kafin shuka ta sha, ciyawar da ta tsiro a gefenta ita ma tana sha. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun daɗe da yi wa wannan magani da wata dabara da su ke kira tsarin Kaliforniya. Bututun roba a ke binnewa a ƙasa daga bakin rijiya zuwa cikin lambu, a fito da bakuna nan da can, kowane baki ya shayar da fangulan da ke kewaye da shi. Ba wata fasaha ce mai wuya ba, duk mai aikin famfo a gari zai iya haɗa ta. Wanda bai da halin wannan, ko doguwar mesa ya saya ya kai ruwa har bakin fangali ya rage asara mai yawa.

Sai shi kansa fangalin. Wannan magana ce da matasa ba su son ji, domin aiki ne na fartanya da haƙuri. Fangalin da bai daidaita ba, gefe guda tudu gefe guda kwari, dole ne ka nutsar da kwarin kafin ruwa ya hau tudun. Albasar kwari ta sha har ta gaji, ta tudu ta sami ɗan abin da ya samu, in an zo cira ka ga wata ƙatuwa mai taushi, wata kamar goro. Babban fangali ya fi wuyar daidaitawa, a ƙasa mai rairayi kuma kafin ruwa ya isa ƙarshensa farkonsa ya shanye na kwana uku. Tsofaffinmu da su ke yanka lambu ƙanana-ƙanana su na bin kowane da bayan fartanya har ya kwanta sumul, ba don ado su ke yi ba. Na taɓa tambayar wani dattijo a wata fadama dalilin da ya sa ya ke ɓata kwanaki a kan wannan, alhali maƙwabcinsa ya riga ya gama dashe. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shi ya riga ni dashe, ni zan riga shi kashe inji kullum har wata huɗu."

Takin gargajiya ma ban-ruwa ne ta wata fuska. Ƙasar da ta sha kashin shanu da na awaki wanda ya ruɓe sosai ta fi riƙe laima, ba ta kuma yin ɓawo a sama. Haka nan rufe tsakanin layuka da busasshiyar ciyawa, ko karan shinkafa, ko buntu, bayan dashe ya kama. Rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye, iskar hunturu ba ta lashe danshi, ciyawa ba ta samun fitowa. Abin takaici, a fadamu da yawa karan shinkafar nan wuta a ke cinna masa don a share wuri. Sai dai a kula da abu biyu: inda gara ta yi yawa a sa ido, kada kuma a tula ciyawar a wuyan albasa, in ta fara nuna a janye ta domin kai ya sha iska.

Yanzu ga inda na ke so mai karatu ya natsu, domin a nan ne mai neman tsimin ruwa ya kan yi wa kansa ɓarna. Ba kowane lokaci ne a ke rage wa albasa ruwa ba. Kwanakin farko bayan dashe ba ta da saiwar kirki, tana bukatar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai har ta miƙe. Daga nan zuwa lokacin da ta ke tara ganye bukatarta matsakaiciya ce, a nan ne mafi yawanmu ke ɓarnar ruwa ba dalili, ko da ya ke ba a yarda a bar ta ta yi yaushi ba. A tashar binciken aikin gona ta Malheur da ke Jihar Oregon ta Amurka, wurin da ruwan samansa na shekara bai kai rabin na Sakkwato ba amma ya shahara da albasa, an gwada an ga cewa ƙishin 'yan kwanaki tun tana da ganye kaɗan ya kan sa ta yi zuciya biyu ko uku a ciki maimakon ɗaya. Sa'an nan sai lokacin da ta fara ɗaura kai, kimanin kwana 60 bayan dashe. Daga nan har kai ya cika, duk wanda ya yi mata rowa ya yi wa buhunsa. In ta yi ƙishi a wannan lokaci ba ta girma, in kuma aka bar ta ta bushe sa'an nan aka malala mata ruwa, sai ta tsage ko ta yi tagwaye, dillali ya ware ta gefe. Sabo da haka in rijiyarka ba za ta iya ɗaukar eka biyu a watan ɗaura kai ba, gara ka dasa eka ɗaya da rabi ka ƙosar da ita, da ka dasa biyu duka su wahala.

Yaya za ka san lokacin ban-ruwa ya yi? Ba da kallon saman ƙasa ba, domin hunturu na busar da shi cikin awa kaɗan alhali ƙasa na da danshi. Tona kamar tsawon yatsa ko fiye kaɗan a tsakanin layi, ka damƙo ƙasar ka matse. In ta dunƙule ta bar maka sanyi a tafin hannu, bar inji ya huta. In ta wargaje da ka buɗe hannu, lokaci ya yi. Bayan ban-ruwa da 'yan awoyi kuma ka soka sanda ko ƙarfe, zai shige da sauƙi iyakar inda ruwa ya kai ya tsaya. In ya nutse har kamu biyu, ka san ka shayar da ƙasar da babu saiwa a cikinta. A galibin ƙasashenmu abin ya kan kama kowane kwana biyu zuwa huɗu, mai rairayi ta fi son a kusanta, mai laka a tazarce. A yi da sassafe ko da yamma.

Lokacin dashe shi ma yana cikin lissafi. Wanda ya yi renon iri da wuri ya dasa a watan Nuwamba, albasarsa za ta yi yawancin rayuwarta cikin sanyi, sa'ad da rana ba ta shan ruwa sosai, rijiya kuma tana cike da ajiyar damina. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, ɗaura kansa zai faɗa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi da iska kan ɗauke milimita 7 ko 8 a yini guda, ruwan ƙasa kuma ya yi nisa. Ƙaramin injin nan da a ke ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko kusa da haka, komai ƙarfinsa, shi ya sa ka ke ganin manoma na haƙa rami su na saukar da shi ciki. Na san akwai masu jinkiri don dole, ko fadama ba ta janye ba, ko shinkafa ba ta tashi ba. Amma akwai masu jinkiri don sakaci da renon iri, su na ke yi wa magana.

Wani zai ce, ina batun ban-ruwan ɗigo da a ke ta yayatawa? Lalle dabara ce mai kyau. Wani injiniya mai suna Simcha Blass ne ya inganta ta a Isra'ila, aka kafa kamfanin Netafim a 1965 a hamadar Negev domin ƙera kayanta. Siraran bututu ne masu ƙananan huji a ke shimfiɗawa a layi, ruwa na ɗiga a gindin shuka, in an kula da shi kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan na isa inda a ke so. Ga shukar da ke son kaɗan-kaɗan a kai a kai kamar albasa, babu abin da ya fi shi dacewa. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki a kan wani samfuri na masu ƙaramin ƙarfi, wanda tanki a kan ɗan tudu ya ishe shi ba sai da inji mai matsi ba. Amma ni ba zan ce wa mutumin da ke tunanin cin bashi ya fara da shi ba. Albasa a cunkushe a ke dasa ta, tana cin bututu mai yawa. Ruwan fadama da laka da yashi ya ke zuwa, in ba a tace shi kullum hujin ya toshe. Ɓeraye na huda shi don neman ruwa, rana na cinye robar, in wani abu ya lalace kuma ba a kowace kasuwa a ke samun madadinsa ba. Na ga lambuna inda bututun ya koma igiyar ɗaure shinge. Wanda ya daidaita fangalinsa, ya kai ruwa da mesa, ya koyi matsa ƙasa a hannu, shi ne in ya sami hali ya sayi na ɗigo zai ci moriyarsa.

Haka nan injin mai aiki da hasken rana da ya fara yawa a fadamu. Ya raba manomi da gidan mai, madalla. Tsorona guda ne, kada ruwa ya sake zama kamar kyauta a idonmu, a kunna tun hantsi a bar shi har la'asar don ba a biyan rana. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama tafki ɗaya ne, kai da maƙwabtanka duka a cikinsa ku ke tsoma bututu, abin da damina ta zuba kuma shi ke nan har wata daminar. Mutanen Rima ba su manta da 2018 ba, shekarar da ruwan madatsar Gwaranyo, wadda aka gina don ta riƙe mita miliyan 942 na ruwa a murabba'in awo uku, ya janye har aka ba da labarin abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Ya kamata ƙungiyoyin manoma da sarakunan noma su fara zama a kan tazarar rijiyoyi da lokutan ja, tun abin bai kai ga faɗa ba.

Saura ban-ruwan ƙarshe, wanda shi ne ya fi kowane sauƙin tsimi, domin ba ya bukatar ka sayi komai. In wuyan albasa ya fara laushi, lawashi ya fara kwantawa, a ɗauke mata ruwa kwana 15 zuwa 25 kafin cira. Da yawa daga cikinmu su kan ci gaba da shayarwa har ana gobe cira, wai don ta yi nauyi ta cika buhu. Tana cikawa kuwa, amma da ruwa. Wuyanta ba ya rufewa, ɓawonta ba ya ƙarfi, in aka zuba ta a rudu ba ta wata biyu sai wari ya tashi. Albasar Galmi ta ƙasar Tawa, wadda ta kai har kasuwannin Akara da Abijan, ba launinta kaɗai ya sa fatake ke nemanta ba, har da jure ajiya da doguwar tafiya, iri mai kyau kuwa ba ya hana ruɓa in an cire shi jiƙe. Mu da mu ke nan Ikko muna ganin sakamakon a kasuwar Mil 12, inda a ke sauke mota a zauna ana tsince ruɓaɓɓu ana zubarwa, bayan an biya musu kuɗin mota tun daga Arewa. Mai albasar da ta bushe da kyau shi ke iya riƙe kayansa ya wuce lokacin da kasuwa ta cika, ya sayar cikin damina sa'ad da ta yi daraja.

To, Malam mai wasiƙa, ga abin da na ke ba ka shawara. Kada ka ɗauki maganata ka juya lambunka duka a shekara guda. Raba shi biyu a wannan rani. Rabi ka yi yadda ka saba. Ɗaya rabin ka yanka fangula ƙanana ka daidaita su, ka zuba taki ruɓaɓɓe, ka rufe da karan shinkafa, ka kai ruwa da mesa, kada ka tayar da inji sai ƙasa ta wargaje a hannunka, ka kuma yanke ruwa mako biyu ko uku kafin cira. Ka sa yaronka ɗan makaranta ya sami littafi ya riƙa rubuta litar man da kowane ɓangare ya sha, da buhunan da ya bayar, da kuma abin da ya rage lafiyayye a rudu bayan wata uku. Maganar sabuwar rijiya a jingine ta sai an rufe wannan littafi. In Allah ya kai mu, ka aiko mana da abin da ka gani, ko ya gaskata ni ko ya ƙaryata ni, za mu buga shi a wannan fili yadda ya ke.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba yadda a ke gina rudu mai shan iska.